Gordon Pirie

Douglas Alistair Gordon Pirie (10 ga Fabrairu, 1931 – 7 ga Disamba, 1991) ɗan wasan tseren dogon zango ne na ƙasar Birtaniya, wanda daga baya ya koma tseren taswira. Ya kafa tarihin duniya sau biyar a fagen gudu, ya halarci gasar Olamfik sau uku, kuma ya ci lambar azurfa a tseren mita 5,000 a gasar Melbourne ta shekarar 1956. Bayan ya bar filin tsere ya koyi tseren taswira yana da shekara fiye da talatin. Ya zama zakaran Birtaniya na farko a wannan wasa a 1967, ya sake riƙe kambun a 1968, sannan ya wakilci ƙasarsa a gasar cin kofin duniya ta farko da ta biyu, wato ta 1966 a Finlan da ta 1968 a Suwidin. Ana yawan kawo sunansa a matsayin misali na cewa saurin ƙafa kaɗai ba ya kai mutum ga nasara a tseren taswira.

Farkon rayuwa

An haifi Pirie a birnin Leeds da ke arewacin Ingila, amma ya tashi ne a Coulsdon, wani gari da ke kudancin Landan wanda a lokacin yake cikin yankin Surrey. Mahaifinsa, Alick Pirie, ɗan asalin Sikotilan ne, kuma ya taɓa wakiltar Sikotilan a tseren ƙetare karkara, wato gudun da ake yi a kan ciyawa da taɓo da tuddai maimakon a cikin fili. Yayansa Peter shi ma ɗan tsere ne. Gordon ya fara gudu tun yana ƙarami a ƙungiyar South London Harriers, wadda mazauninta ke Coulsdon kusa da tuddan Farthing Downs, kuma a kan waɗannan tuddai ya yi mafi yawan atisayensa na ƙuruciya.

A 1948 aka yi gasar Olamfik a Landan. Pirie, yana da shekara 17, ya ga yadda Emil Zátopek na ƙasar Cekoslobakiya ya lashe tseren mita 10,000. A lokacin, yawancin 'yan tseren Birtaniya ba sa yin atisaye kullum, domin ana ganin yawan gudu yana ƙarar da ƙarfin mutum. Zátopek kuwa gudu yake yi kowace rana, mai yawa kuma mai tsanani. Pirie ya ɗauki wannan hanya. Ya yi hidimar soja a rundunar sojan sama, daga nan ya kama aikin akawu a banki, yana atisaye kafin aiki da bayan tashi, wani lokaci sanye da takalman soja masu nauyi domin ƙarfafa ƙafafunsa.

Dogo ne siriri, tsayinsa ya kai kimanin mita 1.88. Yana da al'adar hura kumatu idan yana gudu, abin da ya sa jaridun Ingila suka yi masa laƙabi da wannan hucin nasa.

Shekarun filin tsere

Pirie ya fara cin gasar ƙasa a tseren mil 6 a 1951, ya maimaita a 1952 da 1953. A gasar Olamfik ta Helsinki a 1952 ya zo na bakwai a mita 10,000, sannan na huɗu a mita 5,000, bayan Zátopek da Alain Mimoun na Faransa da Herbert Schade na Jamus. A wannan shekara ya haɗu da Woldemar Gerschler, kocin nan Bajamushe na birnin Freiburg, wanda ya zama mai horar da shi.

Gerschler na cikin waɗanda suka tsara horon gudu da hutu, tare da likitan zuciya Herbert Reindell. A wannan tsari ɗan wasa zai yi gajeren gudu mai ƙarfi, kamar mita 200 ko 400, har bugun zuciyarsa ya kai wajen 180 a minti ɗaya. Sai ya sassauta har bugun ya sauko zuwa wajen 120, sannan ya sake tashi. Ana maimaita haka sau da yawa a zama ɗaya. Pirie ya haɗa wannan horo da doguwar tafiyar da ya saba yi, har ya zama ɗaya daga cikin 'yan tseren da suka fi kowa yawan atisaye a zamaninsa.

Shekarar 1953 ce ta fito da shi duniya. A watan Yuli ya kafa tarihin duniya a mil 6 a filin White City da ke Landan, da minti 28 da daƙiƙa 19.4. Ya kuma lashe tseren mil ɗaya na Emsley Carr karo na farko da aka yi shi, inda ya doke Wes Santee na Amurka, duk da cewa mil ɗaya ba shi ne tserensa na asali ba. A watan Satumba yana cikin mutum huɗun da suka kafa wa Birtaniya tarihin duniya a tseren miƙa sanda na mita 1,500 sau huɗu. Ya ci gasar ƙetare karkara ta Ingila shekara uku a jere, 1953 da 1954 da 1955.

A 1955 ya doke Zátopek, mutumin da ya ɗauka abin koyi, kuma masu kallon talabijin na BBC suka zaɓe shi gwarzon ɗan wasa na shekara. A wurin karɓar kyautar ya soki marubuta labarin wasanni na jaridun ƙasar kai tsaye a gaban jama'a. Tun daga nan dangantakarsa da 'yan jarida ba ta sake yin daɗi ba, haka ma tsakaninsa da shugabannin hukumar wasannin guje-guje, waɗanda yake ganin ba su san wahalar ɗan wasa ba.

Shekarar 1956 da karawa da Kuts

A ranar 19 ga Yuni, 1956, a birnin Bergen na ƙasar Norwe, Pirie ya kara da Vladimir Kuts na Tarayyar Sobiyet a mita 5,000. Kuts ya ja gaba kusan duk tsawon tseren, Pirie na biye da shi, sai a zagaye na ƙarshe ya wuce shi. Ya gama da minti 13 da daƙiƙa 36.8, sabon tarihin duniya, wanda ya shafe na Sándor Iharos ɗan ƙasar Hangari. Bayan kwana uku, a Trondheim, ya yi daidai da tarihin duniya na mita 3,000 da minti 7 da daƙiƙa 55.6. A ranar 4 ga Satumba, a Malmö da ke Suwidin, ya rage wannan lokaci zuwa minti 7 da daƙiƙa 52.8, a gaban manyan 'yan tseren Hangari.

Saboda haka da aka je gasar Olamfik ta Melbourne a ƙasar Ostareliya a watan Nuwamba, kowa na jiran karawar mutanen biyu. A tseren mita 10,000 Kuts bai yarda ya maimaita abin da ya faru a Bergen ba. Sai ya riƙa sauya gudu: ya fizga da ƙarfi, ya sassauta, ya sake fizga, domin ya karya numfashin wanda ke bayansa. Pirie kaɗai ya iya binsa. Can wajen zagaye na ashirin Kuts ya rage gudu ƙwarai har dole Pirie ya shiga gaba, ya duba yanayinsa, sannan ya sake wuce shi. Ƙarfin Pirie ya ƙare, ya ƙarasa a matsayi na takwas, Kuts ya ci zinare.

Bayan kwana biyar suka sake haɗuwa a mita 5,000. Kuts ya sake yin nasara da minti 13 da daƙiƙa 39.6. Pirie ya zo na biyu da minti 13 da daƙiƙa 50.6, ɗan ƙasarsu Derek Ibbotson ya zo na uku. Wannan azurfa ita ce lambar Olamfik ɗaya tilo da Pirie ya samu.

Ƙarshen zamanin fili

A 1958 ya ci lambar tagulla a mita 5,000 a gasar nahiyar Turai da aka yi a Stockholm, bayan 'yan ƙasar Polan biyu, Zdzisław Krzyszkowiak da Kazimierz Zimny. A gasar Olamfik ta Roma a 1960, wadda aka yi cikin tsananin zafi, an fitar da shi tun a zagayen share fage na mita 5,000, ya kuma zo na goma a mita 10,000. A watan Satumba na wannan shekara, a Dublin, ya gudu mil ɗaya cikin minti 3 da daƙiƙa 59.9, karo na farko da ya sauka ƙasa da minti huɗu. Ya ci gasar ƙasa ta mil 3 a 1961, kuma a shekarar ce littafin tarihin rayuwarsa mai suna Running Wild ya fito.

A ƙarshen 1961 ya koma gudu don kuɗi. Dokar wancan zamani ta haramta wa duk wanda ya karɓi kuɗi shiga gasar Olamfik da sauran gasannin hukuma, don haka ƙofar filin tsere ta rufe masa yana da shekara 30, alhali jikinsa na da sauran ƙarfi. Tseren taswira, wanda ke da hukumarsa daban, shi ne ya sake buɗe masa hanyar wakiltar ƙasarsa.

Yadda tseren taswira yake

Tseren taswira, wanda ake kira oriyantiyarin a harsunan Turai, gudu ne a cikin daji wanda ba a shata wa ɗan wasa hanya. Ana ba shi taswira da aka yi wa alamomi: alwatika a wurin tashi, da'irori masu lamba a kan tashoshin da zai ziyarta, da da'ira biyu, ɗaya cikin ɗaya, a wurin gamawa. A kowace tasha akwai 'yar tuta da aka rataye a jikin wani abu da taswira ta nuna, kamar dutse, ko bakin fadama, ko ƙaramin kwari. A zamanin Pirie ɗan wasa na ɗauke da kati wanda zai buga wa hatimi ko ya huda a kowace tasha, domin shaidar cewa ya je. Dole ne a bi tashoshin bisa jerin lambobinsu, kuma wanda ya tsallake ko da ɗaya an soke sakamakonsa. 'Yan wasa ba sa tashi tare. Ana sakin su ɗaya bayan ɗaya da tazarar 'yan mintuna, don kada wani ya bi bayan wani. Wanda ya gama cikin lokaci mafi ƙaranci shi ne ya ci.

Kayan aikin biyu ne kawai, taswira da kamfas. Tsakanin tasha da tasha ɗan wasa ne zai zaɓi hanyarsa: ko ya miƙe ta kan tudu, ko ya kewaye ta ƙasa, ko ya bi wata turba mai nisa amma mai sauƙin gudu. Yana yin wannan lissafi ne yana cikin gudu, yana karanta layukan da ke nuna tudu da kwari, yana ƙidaya takunsa domin sanin nisan da ya ci. A nan ne wasan ya bambanta da tseren fili. A fili, wanda ya fi sauri shi ke gaba. A daji kuwa, idan mutum ya kauce daga saiti, saurinsa ƙara nisanta shi yake yi daga tashar da yake nema, kuma gajiya na rage kaifin tunani daidai lokacin da ake buƙatarsa.

Wasan ya samo asali ne daga atisayen sojojin ƙasashen arewacin Turai a ƙarshen ƙarni na 19. An yi gasar farko ta farar hula a kusa da Oslo a 1897. A Suwidin, Manjo Ernst Killander ya yaɗa shi a tsakanin matasa bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. A farkon shekarun 1930 Gunnar Tillander da 'yan'uwan nan na gidan Kjellström suka fito da kamfas ɗin Silva, wanda ya haɗa allura da faranti mai ma'auni, ya sauƙaƙa ɗaukar saiti daga taswira. An kafa hukumar wasan ta duniya a Copenhagen a 1961 da ƙasashe goma, kuma Birtaniya ba ta cikinsu. An yi gasar nahiyar Turai sau biyu, a Løten ta Norwe a 1962 da Le Brassus ta Suwizalan a 1964, kafin a mayar da ita gasar duniya.

Shigar Pirie wasan

Wasan ya makara kafin ya kafu a Birtaniya. An kafa ƙungiyar Sikotilan a 1962, sannan ƙungiyar South Ribble, ta farko a Ingila, a 1964. A kudancin Ingila kuwa John Disley ne ya jagoranci lamarin. Disley ya ci tagulla a tseren tsallake shinge da ruwa na mita 3,000 a Helsinki, kuma a lokacin yana aikin kula da wasannin makarantu a Surrey. Ya fara shirya gasanni a dazuzzukan yankin a tsakiyar shekarun 1960, ya gayyato abokansa na filin tsere, cikinsu har da Chris Brasher, wanda ya ci zinare a Melbourne, da Roger Bannister, da Bruce Tulloh, da Martin Hyman, da Pirie.

A gasannin farko waɗannan mashahuran 'yan tsere sun sha mamaki, domin ɗaliban sakandare da suka fi su iya karanta taswira suna riga su isowa. Wasu daga cikinsu sun ɗauki abin a matsayin nishaɗi na ƙarshen mako. Pirie kuwa ya kama shi da irin naci da ya kama gudu tun yana yaro. Yana da abin da ya taimake shi: ya girma a tseren ƙetare karkara, don haka taɓo da hawa da gangara ba baƙi ba ne a wurinsa. Abin da ya rage masa shi ne karatun ƙasa, kuma cikin ɗan lokaci ya shiga sahun waɗanda suka fi iyawa a ƙasar.

Sai dai yanayin da 'yan Birtaniya ke koyo a ciki ba irin na masu wasan ba ne. Ba su da taswirorin da aka zana musamman don wasan. Suna amfani ne da na hukumar safiyo ta ƙasa, masu ma'aunin 1:25,000, inda santimita ɗaya ke wakiltar mita 250, kuma sau da yawa kwafi ne na baƙi da fari. Irin waɗannan taswirori ba sa nuna ƙananan duwatsu da ramuka. Dazuzzukan kudancin Ingila kuma cike suke da turbobi da shingaye da hanyoyin masu saran itace, ta yadda mai sauri zai iya bin turba har kusa da tasha, ya rufe gurbin rashin ƙwarewa da ƙarfin ƙafa.

Gasar duniya ta 1966

An yi gasar cin kofin duniya ta farko a ranakun 1 da 2 ga Oktoba, 1966, a Fiskars, wani ƙauye da ke kudancin Finlan wanda ya yi suna da masana'antar ƙarfe tun ƙarni na 17. Brasher ne ya jagoranci tawagar da ta fito daga Birtaniya, kuma Pirie, mai shekara 35, yana cikinta. Gasar ta ƙunshi tsere iri biyu ga maza da mata: na mutum ɗaya, da na ƙungiya inda ɗan wasa ke gama nasa zagayen ya sallami na gaba.

Dajin kudancin Finlan ya sha bamban da na Surrey. Ƙasa ce da ƙanƙara ta goge tun zamanin da, ta bar ƙananan tuddai na falalen dutse masu kama da juna, da fadamu a tsakaninsu, da itatuwa masu ganye kamar allura. Turbobi kaɗan ne. Wanda zai yi nasara a nan sai ya iya gane siffar kowane tudu daga layukan taswira yana cikin gudu, kuma ya saba da taka gansakuka da duwatsu masu santsi. 'Yan Norwe da Suwidin da Finlan a irin wannan ƙasa suka tashi, da yawansu tun suna yara suke riƙe da kamfas. 'Yan Birtaniya kuwa shekara ɗaya ko biyu ke nan da fara wasan.

Sakamakon ya nuna wannan tazara. A tseren maza Åge Hadler na Norwe ya ci zinare, Aimo Tepsell na Finlan ya ci azurfa, Anders Morelius na Suwidin ya ci tagulla. A na mata Ulla Lindkvist ta Suwidin ce ta zo ta ɗaya. A tseren ƙungiya na maza Suwidin ta yi nasara. Pirie shi ne sunan da duniya ta fi sani a cikin duk waɗanda suka tashi a ranar, kuma babu wani a cikinsu da ya taɓa riƙe tarihin duniya na mita 5,000, amma bai shiga cikin goman farko ba.

Zakaran Birtaniya da gasar 1968

Hukumar duniya tana karɓar ƙungiya ɗaya ce daga kowace ƙasa, don haka a watan Yuni na 1967 aka kafa tarayyar tseren taswira ta Birtaniya, wadda ta haɗa Ingila da Sikotilan. A wannan shekara aka yi gasar ƙasa ta farko a dajin Hamsterley da ke gundumar Durham. Pirie ya lashe ɓangaren maza yana da shekara 36, Carol McNeill ta lashe na mata. Ya sake cin gasar a 1968. Da haka ya shiga cikin 'yan wasa ƙalilan da suka zama zakarun ƙasa a fili, da a ƙetare karkara, da kuma a tseren taswira.

Gasar duniya ta biyu an yi ta ne a ƙarshen Satumba na 1968 a yankin Linköping da ke Suwidin. Pirie ya sake wakiltar Birtaniya, yana da shekara 37. Karl Johansson na Suwidin ya ci zinare, ɗan ƙasarsu Sture Björk ya ci azurfa, Hadler ya koma na uku. Lindkvist ta riƙe kambunta na mata. A wannan karo ma duk lambobin maza sun tafi ƙasashen arewacin Turai, kuma Pirie bai samu lamba ba.

Wannan rinjaye bai tsaya a kan zamanin Pirie ba. Sai a 1972 aka samu mace daga wajen yankin ta ci zinaren mutum ɗaya, wato Sarolta Monspart ta Hangari. A ɓangaren maza kuwa an jira har 1991, shekarar da Pirie ya rasu, lokacin da Petr Kozák na Cekoslobakiya ya lashe gajeren tsere. Birtaniya ta karɓi baƙuncin gasar duniya a Sikotilan a 1976, amma zinarenta na farko bai zo ba sai 1999, ta hannun Yvette Baker. Jamie Stevenson ya ci wa maza nasu a 2003.

Gudummawar Pirie ga wasan a ƙasarsa ta fi ta lambobi. A lokacin da yawancin mutanen Birtaniya ba su taɓa jin sunan tseren taswira ba, kasancewar mutum irinsa a ciki, tare da Brasher da Disley, ya sa jaridu suka waiwayi wasan, kuma ya nuna wa 'yan tsere cewa ba yawon shan iska ba ne da taswira a hannu. Tafiye-tafiyen tawagar zuwa Finlan da Suwidin sun kuma nuna wa masu shirya gasa a gida cewa sai sun zana taswirori na musamman, sun nemi dazuzzuka masu wuyar karatu, kafin su iya gogayya da ƙasashen waje.

Horarwa da ra'ayoyinsa

Pirie ya shafe shekaru masu yawa a ƙasar Niyu Zilan, inda ya horar da matasa 'yan tsere a yankin Auckland. Cikin waɗanda suka bi ta hannunsa akwai Anne Audain, wadda daga baya, a ƙarƙashin wani koci, ta ci zinare a mita 3,000 a gasar ƙasashe renon Ingila ta 1982, da kuma Alison Roe, wadda ta lashe gudun famfalaki na Boston da na New York a 1981. An san shi da tsanani wajen horarwa, kamar yadda yake tsananta wa kansa.

Yana da ra'ayi mai ƙarfi game da yadda ya kamata a yi gudu. A ganinsa ɗan tsere ya sauka a kan gaban tafin ƙafa, ba a kan diddige ba, ya yi gajeren taku mai sauri, ƙafarsa na sauka a ƙarƙashin jikinsa. Ya ɗora laifin yawan raunin da masu gudu ke ji a kan takalman zamani masu kaurin diddige. Waɗannan ra'ayoyi suna cikin littafinsa Running Fast and Injury Free, wanda John Gilbody ya tace aka fitar bayan rasuwarsa, kuma ya sake samun masu karatu lokacin da muhawara kan gudu da siraran takalma ta taso.

Bai daina gudu ba har tsufansa. Kundin Guinness ya ruwaito cewa a cikin shekara 40, zuwa 1981, ya gudu mil 216,000, kimanin kilomita 347,600. Wannan ya haura mil 100 a kowane mako, kuma ya fi kewaye duniya sau takwas.

Iyali da rasuwa

A 1956 Pirie ya auri Shirley Hampton, 'yar tseren gajeren zango wadda ita ma ta wakilci Birtaniya, kuma sun haifi 'ya'ya mata biyu. A ƙarshen rayuwarsa ya koma Ingila, ya zauna a yankin New Forest da ke Hampshire, inda ya yi aikin saran itace a daji, yana kuma horar da 'yan tsere. Ya rasu a garin Lymington a ranar 7 ga Disamba, 1991, sakamakon ciwon daji na bututun matsarmama, yana da shekara 60. A 1999 Dick Booth ya wallafa tarihin rayuwarsa a littafi mai suna The Impossible Hero.

Manyan nasarori

1953: tarihin duniya a mil 6, Landan, minti 28 da daƙiƙa 19.4
1953: tarihin duniya a tseren miƙa sanda na mita 1,500 sau huɗu, tare da tawagar Birtaniya
1953, 1954, 1955: zakaran ƙetare karkara na Ingila
1955: gwarzon ɗan wasa na shekara na BBC
1956: tarihin duniya a mita 5,000, Bergen, minti 13 da daƙiƙa 36.8
1956: tarihin duniya a mita 3,000, Trondheim da Malmö
1956: azurfa a mita 5,000, gasar Olamfik ta Melbourne
1958: tagulla a mita 5,000, gasar nahiyar Turai, Stockholm
1966 da 1968: wakilin Birtaniya a gasar tseren taswira ta duniya, Fiskars da Linköping
1967 da 1968: zakaran tseren taswira na Birtaniya